Stanimir Mai Taga da Katin Kum Vukadin

Ana saura 'yan kwanaki bikin waliyyin gidansu, kwamfutar Stanimir ta sake mutuwa. Yana cikin wasan yaƙin tankoki, tankarsa ta hau tudu ke nan, ya hango ta abokan gaba ta ba shi baya, ya ɗora yatsa zai harba, sai fankokin cikin akwatin kwamfutar suka kwarma ihu kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa, allon ya yi baƙi ƙirin. A cikin baƙin ya ga fuskarsa: farin gashin baki, tabarau a kan hanci, baki a sake.

Daga kicin matarsa Zagorka ta ce, "Ta tafi?"

"Ta tafi."

"To taso ka ɓare mini tafarnuwa. Ita ba ta mutuwa a hannun mutum."

Bai taso ba. Ya zauna yana kallon akwatin, abin da ya kwana biyu yana korewa daga zuciyarsa ya dawo ya zauna masa a ƙirji. Komai na cikin akwatin nan sabo ne daga shago, in ban da abu ɗaya, katin hoto. Shi kuwa katin daga hannun kum ɗinsa Vukadin ya fito.

Kum ɗin mutum shi ne wanda ya tsaya masa shaida a coci ranar aure, ya riƙe masa 'ya'ya ranar baftisma, ya raɗa musu suna. Ɗan'uwa na jini kana iya yin faɗa da shi a kan gonar gado, ku je kotu, ku dawo ku ci abinci tare. Kum ba a ɗaga masa murya, balle a ce masa ya yi cuta. Uban Vukadin ne ya tsaya wa uban Stanimir, Vukadin ya tsaya wa Stanimir, ana kuma sa ran 'ya'yansu su ci gaba. In igiyar nan ta tsinke a hannun wani, a garin Pirot har jikokinsa sai an nuna su da baki.

Shi Stanimir mai sa taga ne tun yana saurayi, kuma abokin gabarsa ɗaya ne a duniya: promaya, wato iskar nan da ke ratsa ɗaki in an bar ƙofa da taga a buɗe lokaci guda. Kowa a nan yana tsoronta, amma shi ya mai da tsoron sana'a. Ita ta karkatar wa kawunsa baki, ita ta cinye wa maƙwabciyarsu ƙoda, ita ce kuma, in ka bi ta tasa, ta kashe rabin mutanen da likitoci suka ɗora wa hawan jini. A tsakiyar zafin Yuli, in ya shiga bas, sai ya bi layi yana rufe tagogi, fasinjoji na gumi suna yi masa godiya. In ya gama sa taga a gidan mutum, yakan kunna guntun kyandir ya bi gefenta da shi a hankali. Harshen wutar ya ɗan karkata, to aikin bai ƙare ba, ba ya karɓar ko kofi. Sai ya tsaya cak kamar soja, sannan ya ce, "Yanzu kun zama mutane."

Ba shi ya nemi wasan kwamfuta ba. Vukadin ne, da ya yi ritaya daga tuƙin bas, ya gaji kwamfutar ɗansa da ya tafi aiki Nowe, ya faɗa yaƙin tankoki har wuya. Kullum suka haɗu maganar ke nan. "Kum, hunturu na zuwa, ba mai cire taga a cikin ƙanƙara. Me za ka yi, ka zauna kana ƙirga gashin Zagorka? Zo mu yi runduna. Ina buƙatar wanda zai tsare mini baya." Kafaɗar Stanimir ta soma ciwo, kamun kifi ya gagara, karta kuma ta gundure su. Ya ce to, amma da sharaɗi: mai arha.

Suka tafi wurin Isidora, wata matashiya da ke da ɗan siririn shago bayan kasuwa. Ta ji abin da Stanimir ya ware wa aikin, ta dube shi, ta dubi Vukadin.

"Kawu Stane, kwamfuta kake so ko rediyo?"

"'Yar nan, ni ɗan Pirot ne."

"Ni ma 'yar Pirot ce, shi ya sa ban kore ka ba. Zauna."

Ta soma da furosesa, ƙwaƙwalwar abin. Stanimir ya nuna mafi tsada da ke cikin gilashi, don a ganinsa in za a sayi ƙwaƙwalwa ba a tsumulmula. Ta ture hannunsa. Ta ɗauko wata ta bara waccan, ta ce ga tankoki wannan ta isa har ta yi saura, kuɗin a adana shi a kai inda wasa ke cinsa. Da aka zo kan ram kuwa, 'yan sandunan da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a cikinsu, sai ya juya, ya ce sanda ɗaya ta wadatar, me zai yi da biyu.

"In za ka hau bene da babban gilashi, kai kaɗai kake ɗauka?"

"Mu biyu."

"To haka ita ma. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya sauri."

Wannan ta shige shi. A kan akwatin wutar da ke ciyar da sauran ne suka fi daɗewa. Akwai wani marar suna da ake ba da shi kusan kyauta, Stanimir ya rungume shi. Isidora ta ce in ya ɗauka, ya haɗa da lambar 'yan kwana-kwana. Vukadin ya yi ta dariya har da riƙe kantar shagon.

Sai aka zo katin hoto. Ta ce masa nan ne zuciyar wasa, shi ke zana kowace tanka da kowane hayaƙi, sannan ta faɗi farashi. Stanimir ya ɗauki hularsa ya sa, ya doshi ƙofa.

"Dawo, kum, dawo," in ji Vukadin. "Yaron ya aiko mini da sabo. Tsohon na nan a kwali, lafiyarsa lau. Ɗauka."

"Nawa?"

"Kana so in mare ka a gaban yarinya?"

"Ba na karɓar kyautar abu mai tsada haka."

Suka yi ta ja, kowa na neman ya fi ɗan'uwansa kirki, har Isidora ta ce su fita waje su ƙarasa. A ƙarshe aka yi musaya: kati ya zo, Stanimir kuma ya sake wa Vukadin tagogin barandarsa kafin sanyi ya sauka. Ya yi aikin da hannunsa da ciwon kafaɗarsa, ya bi da kyandir, wuta ta tsaya cak.

Isidora ta haɗa komai a cikin wani akwati mai sauƙin kuɗi, ta gwada shi yini guda a shago, ta miƙa masa. Tana ta yi masa bayani, shi kuwa hankalinsa na kan ko za ta ƙara masa linzamin kwamfuta kyauta. Sai da ya kai gida ya ɗora a tebur ya dubi abin da ya saya da idon sana'a, gabansa ya faɗi. Gaban akwatin raga ce. Sama huda-huda. Baya huda-huda. Ya kunna, ya kawo kyandir: harshen wutar ya kwanta ta gaba, ya kwanta ta baya. Promaya sosai, a cikin abin da ya fi komai tsada a ɗakin, tana kuma hura masa gwiwa.

"Aikin 'yan zamani," ya ce, yana girgiza kai. Bai ga laifin yarinyar ba, ba ita ta ƙera ba.

Ya ɗauko jakar aikinsa. Ya cire gaban akwatin, ya yanka farar leda mai kauri daidai da raga, ya liƙa ta daga ciki, ya bi gefe da soson nan mai gam da ake sa wa taga. Ya yi wa sama haka, ya yi wa baya. Aiki ne mai tsabta, daga waje ba ka ganin komai. Ya sake kawo kyandir, wuta ta tsaya cak. Bai gaya wa kowa ba, don ba labari ba ne. Wa ke ba da labarin ya rufe ƙofa?

Tun daga ranar wasan bai taɓa kai shi ƙarshen yaƙi ba. Ya kira Isidora, ta ce tana Nish wurin mahaifiyarta da ke asibiti, sai bayan biki. "Kamar zafi ne, Kawu. Kada ka taɓa komai, in na dawo ka kawo." Zafi? A watan Disamba, a ɗakin da shi kansa da rigar ulu biyu yake zama? Toshewar da ya yi ko sau ɗaya ba ta zo masa a rai ba. A duk rayuwarsa toshe iska bai taɓa cutar da kowa ba.

Radomir ne ya kawo fassara. Ƙanin Zagorka ne, mutumin da bai taɓa riƙe aiki ya shekara ba amma ba abin da bai sani ba. Ya zo kawo kifin biki, ya ji labari, ya ja kujera.

"Yaya Stane, kai fa mutumin kirki ne, shi ya sa ake hawa kanka. Ka manta garejin Vukadin kafin ɗansa ya tafi? Dare da rana ana jin ƙugi har bakin titi. Kuɗin intanet yaron ke haƙowa. Katin da ya yi wannan aikin ya dahu daga ciki, kamar ƙwai. Daga waje sumul. Ana sayar wa ƙauyawa irinsu kullum."

"Ba sayar mini ya yi ba."

"Au, kyauta ce? Barandar fa, da kanta ta sa gilashi?"

Zagorka ta jefa masa tsumma. "Rufe mana baki, Rade. Kai kuma," ta juya ga mijinta, "in akwai magana, je ka same shi ku biyu. Kada ka bari ta kwana a cikinka har ranar biki. Na san ka."

Bai je ba. Yaya za a yi mutum ya buga ƙofar kum ɗinsa ya ce katinka ya mutu? In ya ce bai sani ba, ka zarge shi a banza. In kuma ya sani fa? Vukadin ya yi ta kira, Stanimir na kallon wayar tana rawa a kan tebur har ta gaji. Da ya ɗauka sau ɗaya, ya ce aikin biki ya yi yawa. Ya kuwa tuna ƙugin garejin nan. Ya tuna yadda Vukadin ya yi saurin cewa "ɗauka". Abin da a da ya gani a matsayin kirki, yanzu ya juya shi ta kowane gefe yana neman tsaga.

Ranar Nikola mai tsarki, waliyyin gidansu, ta zo da ƙanƙara. Da safe ya kai burodin biki coci aka sa masa albarka, ya dawo ya kunna dogon kyandir a gaban hoton waliyyi. Mai gida ba ya zama ranar, a tsaye yake yi wa baƙi hidima. Da azahar Vukadin ya iso da matarsa Leposava, da kwalba a hannu da ƙanƙara a gira. Suka sumbaci juna a kumatu yadda aka saba, Zagorka ta miƙa masa dafaffiyar alkama da cokali, aka kai shi kan kujerar da ke saman tebur, wadda ba mai zama a kanta sai shi.

An ci miyar kifi, an ci wake, an kawo ganyen kabejin da aka naɗe shinkafa a ciki. Barasar gida ta zaga. Stanimir na zubawa, yana kauce wa saman tebur da ido. Ya kusa tsira.

"Kum," in ji Vukadin da ƙarfi, yana goge baki, "ka gudu daga fagen fama. Shekaranjiya wasu yara 'yan Folan suka zagaye ni kamar kare a kasuwa. Ina mai tsare mini baya?"

"Aiki."

"Wane aiki? Zagorka ce ta dafa, kai ɗanɗano kake. Ko katin ya fi ƙarfinka ne?"

Radomir ya yi 'yar dariya cikin kofi. "Katin dai ya fi ƙarfin wani."

Zagorka ta taka masa ƙafa, amma Vukadin ya ji. Ya ajiye cokali.

"Me ke nan?"

"Ba komai, ci abincinka," in ji Zagorka.

"Ba ke na tambaya ba. Kum, me ke nan?"

Stanimir na tsaye da kwalba a hannu. Da ya ce kwamfutar na ba da matsala, da shi ke nan, magana ta ƙare a nan. Amma abin ya daɗe yana tsami a cikinsa, ya kuma sha barasa kofi biyu a tsaye ba tare da ya ci komai ba.

"Katin ya mutu," ya ce. "Ya dahu tun a garejinka. Ni na sa maka taga da ko numfashi ba ya ratsawa. Da ka ce mini ga abin da yake, da na karɓa a haka."

Wata tsohuwa daga cikin maƙwabta ta yi alamar gicciye. Leposava ta kama hannun mijinta, ya zame.

"Wato na sani," in ji Vukadin a hankali. "Na sani na ba ka."

Stanimir ya kawar da kai, ya dubi kwalbar da ke hannunsa.

Vukadin ya miƙe daga kujerar. "To, Oga mai taga, nuna mini."

Tunda suke bai taɓa kiransa da wani abu ba sai kum. Zagorka ta sa hannu a baki.

Suka shiga ƙaramin ɗakin, baƙi suka cika ƙofa. Vukadin ya zauna ya kunna da kansa, ya shiga yaƙi. Tanka ta fita daga sansani, ta tsallake rafi, ta shiga wani ƙauye da ya ƙone. Fankoki suka soma ɗaga murya. Stanimir ya tsinci kansa yana jiran ta mutu, yana kuma jin kunyar jiran. Sai ihun nan, sai baƙi ƙirin.

"Ga shi nan," in ji Radomir.

Fuskar Vukadin ta yi fari kamar bango. Ya daɗe yana kallon allon. "A gidana bai taɓa yin haka ba," ya ce, amma ba da ƙarfi ba, don ya san yadda maganar za ta sauka a kunnen mutane. "Ba ni sukundireba. Zan ɗauki kayana. Gobe ka zo ka cire tagoginka. Lepa, ɗauko mini kwat."

"Vukadin, don girman wannan rana," in ji Zagorka.

"Ba ni ya kamata ki gaya wa ba."

Stanimir ya miƙa masa sukundireba. Vukadin ya durƙusa, ya kwance murfin gefe, ya janye. Wani zafi ya bugo masa fuska kamar an buɗe tanda, har tabaraunsa suka yi hazo. Ya kai hannu kan katin ya janye da sauri yana yarfe yatsu. Ya goge tabarau da gefen riga, ya leƙa ciki. Ya daɗe yana leƙe. Ya sa yatsa ya taɓa wani abu ta gaba, ya taɓa ta sama, ya zagayo da kai ya duba baya.

"Wa ya yi wannan?"

"Wanne?"

"Wannan ledar. Da wannan soson."

"Ni," in ji Stanimir, har da ɗan sauran alfahari a muryar. "Huda-huda aka kawo shi. Iska na shiga ta gaba tana fita ta baya. Na gwada da kyandir."

Vukadin ya zauna dirshan a ƙasa, mutum mai jikoki, da rigar biki.

"Ka gwada da kyandir."

"Kwanciya wutar ta yi."

"Stanimir, me kake tsammani fankoki ke yi a ciki? Kiɗa? Abin nan da promaya yake rayuwa! Ita ce abincinsa! Ka ɗauki katin ɗana ka sa shi a tukunya ka rufe, ka zo gaban waliyyi da gaban mutane ka ce ni na dafa shi!"

Wani a bakin ƙofa ya tuntsire, matarsa ta zungure shi. Vukadin kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya sa farce ya soma ɓanɓare soson. Ba ya ɓanɓaruwa da sauƙi, don aikin gwani ne. Stanimir ya durƙusa zai taya shi, Vukadin ya ce, "Kada ka taɓa." Sai da ya fitar da ledar duka ya tara ta a gefe, ya bari ƙarfen ya huce, ya mayar da murfi.

"Yanzu za mu gani," ya ce. "Wataƙila ka riga ka kashe shi. In ya sake mutuwa, ba wanda zai taɓa sanin ko ni ne ko kai ne, kuma ni ba zan zauna a teburin da ake tantama a kaina ba. In tafi, in tafi ke nan."

Ya kunna.

Stanimir bai taɓa sanin yaƙin tankoki na da tsawo haka ba. Ɗazu yana jiran allon ya yi baƙi, yanzu yana roƙon Nikola mai tsarki da duk wanda ke kusa da shi kada ya yi. Iska mai ɗumi na fitowa ta bayan akwatin tana bugun ƙaurinsa kai tsaye, bai matsa ba. Tanka ta tsallake rafi. Ta shiga ƙauyen da ya ƙone. Nan ne ta mutu ɗazu. Fankoki suka ɗan ɗaga murya, Zagorka ta damƙe hannun Leposava, Leposava ba ta janye ba. Muryar ta tsaya a inda take, ba ta hau ba. Tanka ta fita daga ƙauyen, ta hau tudu, ta yi harbi, aka harbe ta, ta ja da baya tana hayaƙi. Kifi na sanyi a tebur, ba wanda ya tuna da shi. Tsohuwar nan da ba ta taɓa ganin wasan ba ta ce, "Ɗana, ga wani can bayan bishiya!" Na bayan bishiyar kuwa shi ya ƙarasa Vukadin. Tankarsa ta kama da wuta, rubutu ya fito an ci su, allon na nan da haskensa.

"An kashe ni," in ji Vukadin. "Amma kati na nan."

Ya shiga wani yaƙin, don kada a ce sa'a ce. Aka sake cinye shi. Kati na nan.

Ya miƙe, ya karɓi kwat ɗinsa daga hannun matarsa, ya rataya a hannu. Bai sa ba, bai kuma ajiye ba. Ya fita falo ya tsaya a tsakiya, nesa da kujerarsa. Radomir ya riga ya gano cewa ana nemansa a waje.

Stanimir ya biyo shi. Ya so ya ja shi gefe, Vukadin ya girgiza kai.

"A nan ka faɗa. A nan za ka kwashe."

Stanimir ya dubi baƙi, ya dubi kyandir ɗin da ke ci gaban hoton waliyyi. Shi ba mai iya magana ba ne, ko a wurin ciniki da kai yake yi.

"Jama'a," ya ce, "kum ɗina bai cuce ni ba. Kaya mai kyau ya ba ni. Ni na shaƙe shi da hannuna, na kuma ɗora masa. Na yi masa ƙarya a gidana, a ranar waliyyina. Kum, ka yafe mini."

"Ba katin ne ya dame ni ba," in ji Vukadin. "Kwana da kwanaki ina kira, kana kallon waya. Ka zauna da wancan shashashan kuna auna ni. Da ka zo ka ce mini, Vukadin, abin nan na mutuwa, da tuni mun buɗe shi mun yi dariya."

"Na ji kunyar tambaya."

"Kunyar tambaya, amma ba ka ji kunyar zargi ba."

Stanimir ya tsaya da hannuwa a sake, babban mutum, kunnuwansa ja wur. Zagorka ta soma share ido da gefen atamfar kicin.

Leposava ce ta zare kwat ɗin daga hannun mijinta, ta kai ta rataye a bayan ƙofa, ba ta tambaye shi ba. "Kai ma ya isa," ta ce. "Ka ci wake kwano biyu a gidan mutane, ka ƙara na uku ka huce."

Vukadin ya yi ajiyar zuciya. Ya taka a hankali ya koma saman tebur, ya ja kujera, ya zauna. Ya ɗauki kofinsa ya ga ba komai a ciki, ya ɗaga shi sama ba tare da ya dubi kowa ba.

"Kum," ya ce, "a gidan nan baƙo da kansa yake zubawa?"

Stanimir ya zo da kwalba da sauri har ya zubar da rabi a kan mayafin tebur.

"Gobe da yamma ka shigo yaƙi," in ji Vukadin. "Kuma in ka ga an zagaye ni, ba tsayawa za ka yi kana tunani a kaina ba. Harbi za ka yi."

"Zan shigo."

"Akwatin kuma ka bar shi ya sha iska."

Stanimir ya dubi ƙofar ƙaramin ɗakin, inda ake jiyo fankoki na juyawa a hankali.

"Ko ta baya kaɗai ba za a iya..."

"Stane!" in ji Zagorka da Leposava a tare.